Ɗa ya girma amma yana gida: yadda harajin Amurka ke kallon iyayen da ke ciyar da shi

Duk shekara, daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu, mazauna Amurka na cike takardar harajin shekarar da ta gabata, wato fom 1040, su aika wa hukumar haraji ta ƙasar, IRS. Kafin a kai ga maganar albashi, fom ɗin yana fara tambayar matsayin mai cikewa. Matsayi biyar ne: marar aure, ma'auratan da suka haɗa takarda, ma'auratan da suka raba takarda, shugaban gida (wanda fom ɗin ke taƙaitawa da HOH), sai wanda mijinta ko matarsa ta rasu kwanan nan ya bar ƙaramin yaro. Wannan zaɓi ɗaya shi ke yanke nawa ne daga cikin samun mutum ba za a taɓa ba, da kuma kason harajin da za a ɗora wa sauran.

Inda abin ke rikita iyaye shi ne idan akwai babban ɗa a gida. Ya gama makaranta ko ya dakata, aiki bai samu ba ko kuma ya samu na wucin gadi, yana kwana a ɗakinsa na da, yana cin tuwon gida, uwa ce ke biyan wayarsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a Amurkar yau. Cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa a watan Yulin 2020 kashi 52 cikin ɗari na matasa 'yan shekara 18 zuwa 29 suna zaune da iyayensu, adadin da ya haura kashi 48 da aka ƙidaya a 1940. A gidajen Hausawan Bronx ta birnin New York da sauran biranen ƙasar kuwa, zaman ɗa ko 'ya a gaban iyaye har ranar aure shi ne abin da aka saba, ba sai annobar korona ta 2020 ta zo ba. Uba zai ce da gaskiyarsa: “Ni ke ciyar da shi, ni ke tufatar da shi, me zai hana in sa shi a takardata?” Dokar ba wannan tambayar take fara yi ba. Tana duba shekarun ɗan, da karatunsa, da abin da ya samu a shekarar. Wahalar da iyaye suka sha ita ce ta ƙarshe a layi.

Ma'auratan da ke zaune tare, tasu mai sauƙi ce. Babban ɗa ba ya canza musu matsayi. Su haɗa takarda ko su raba, kuma kusan kullum haɗawar ce ta fi riba: a shekarar haraji ta 2025, dala 31,500 na farko na samunsu ba a taɓa shi. Abin da ɗan zai iya ƙara musu, idan ya cika sharuɗɗa, ragin dala 500 ne da kuma ragin kuɗin makaranta. Mata da miji da ke kwana gida ɗaya ba su da damar ɗayansu ya ce shi shugaban gida ne, ko da mai cike musu takarda ya ce kowa haka yake yi. Kuma auren da aka ɗaura a Kano ko Kumasi ko Maradi bisa ƙa'idar can, aure ne a wajen IRS.

Maganar tana da nauyi ne a kan uwa ko uban da ke riƙe da gida shi kaɗai, saboda mutuwa ko rabuwa. A 2025 marar aure ana yafe masa dala 15,750, shugaban gida kuma dala 23,625. Bayan haka matakan harajin ma sun fi faɗi: marar aure yana biyan kashi 10 cikin ɗari a kan dala 11,925 na farko sannan ya hau kashi 12, shugaban gida kuwa sai ya wuce dala 17,000 zai hau. Majalisar dokokin ƙasar ta ƙirƙiro wannan matsayi tun 1951, shekara uku bayan ta bai wa ma'aurata damar raba samunsu biyu, don wanda ke ɗauke da iyali ba tare da abokin zama ba ya sami wani kaso na wannan sauƙin.

Sharuɗɗansa uku ne. Mutum ya kasance ba shi da aure a ranar 31 ga Disamba. Ya biya fiye da rabin kuɗin riƙon gidan. Sannan wani da doka ta amince da shi ya zauna tare da shi fiye da rabin shekara. Matar da aurenta bai mutu ba amma miji bai zauna a gidan ba cikin wata shida na ƙarshen shekara, ita ma ana iya ɗaukarta a matsayin marar aure, muddin ɗanta yana tare da ita kuma tana da ikon sa shi a takardarta. Sai dai tafiyar aiki ba rabuwa ba ce. Direban babbar mota da ke yin makonni a hanya, a wajen doka yana gida.

Kuɗin riƙon gida ma akwai abin da ake nufi da shi: haya ko ruwan bashin gida, harajin gida, inshorarsa, gyare-gyare, wuta da ruwa da gas, da abincin da aka ci a cikin gidan. Tufafi, kuɗin makaranta, asibiti da mota ba sa ciki. Idan ɗan yana kawo gudummawar haya, a cire ta daga kason iyaye kafin a auna rabi.

Sharaɗi na ukun nan ne ke kayar da mutane. Tun 2005 dokar ta ware ƙofa biyu da ɗa zai shiga takardar iyayensa ta ciki, kuma ba kamanninsu ɗaya ba.

Ƙofar farko ta yara ce. Ɗan ya kasance bai kai shekara 19 ba a ƙarshen shekara, ko kuma bai kai 24 ba idan ɗalibi ne na cikakken lokaci. Ya zauna a gidan fiye da rabin shekara, kuma zaman ɗakin kwanan ɗalibai a jami'a ana lissafa shi tamkar yana gida. Sannan kada ya zama shi ya ɗauki fiye da rabin nauyin kansa. A wannan ƙofa ba a tambayar nawa ya samu. Ɗaliba 'yar shekara 22 za ta iya yin aiki a kantin magani ta tara dala 15,000 ta ajiye a banki tana shirin aure ko sayen mota, kuma uwarta ta sa ta a takarda ba tare da wata matsala ba, domin kuɗin da aka ajiye ba a kashe shi wajen ɗaukar nauyinta ba. Ɗalibi a nan shi ne wanda ya yi karatu na cikakken lokaci a wani ɓangare na watanni biyar cikin shekarar. Wanda ya kammala jami'a a watan Mayu ya cika biyar ɗin daidai, daga Janairu zuwa Mayu, don haka shekarar kammalawarsa tana iya shiga lissafi. Wanda ya ajiye karatu a Maris bai cika ba. Makarantar da ba ta da aji sai ta intanet kaɗai ba ta shiga. Tallafin karatu na kyauta ba a lissafa shi cikin nauyin da ɗalibi ya ɗaukar wa kansa, amma bashin karatu da ya ci da sunansa ana lissafawa, kuma bashi mai yawa yana iya tsallakar da shi rabi ba tare da kowa a gidan ya lura ba.

Akwai waɗanda shekaru ba sa fitar da su daga wannan ƙofa: masu naƙasa ta dindindin, wadda likita ya tabbatar ta hana su aikin neman abinci, kuma ta kai ko za ta kai shekara guda a jere, ko tana iya kaiwa ga mutuwa. Uwar da ke kula da ɗa ɗan shekara 35 mai irin wannan lalura tana da cikakken haƙƙin shugaban gida, har ma da ragin nan na masu ƙaramin albashi da ake kira EITC idan samunta ya dace. Iyaye da yawa ba su san haka ba, suna ganin tunda yaron ya wuce 24 magana ta ƙare.

Ga kowa banda su kuwa, ranar da ɗa ya cika 24, ko 19 in ba ya makaranta, ƙofar farko ta rufe, kuma ƙarshen shekara ake dubawa. Wanda aka haifa a Disamba ya cika 24 ana saura kwana kaɗan shekara ta ƙare, ya fita a shekarar baki ɗayanta. Saura ƙofa ta biyu, ta dangi, wadda tsofaffin iyaye da ƙanne da surukai ma ta ita suke shiga. A nan babu iyakar shekaru, amma akwai abu biyu masu tsauri. Dole iyaye su zama su suka ɗauki fiye da rabin dukkan nauyinsa. Kuma dole abin da ya samu a shekarar ya gaza wani adadi: dala 4,700 a 2023, dala 5,050 a 2024, dala 5,200 a 2025.

A tsaya a dubi wannan adadi da kyau. A birnin New York mafi ƙarancin albashi a 2025 dala 16.50 ne a awa. Wato awa 316 kacal, ƙasa da mako takwas na cikakken aiki, sun ishi ɗa ya kai iyakar. Ya yi aikin ɗaukar kaya a sito daga Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba lokacin hada-hadar kasuwa, shi ke nan. Sauran wata goma uwarsa ce ta ciyar da shi, amma a takarda ba ta da kowa.

A ce uwar nan ma'aikaciyar kula da marasa lafiya a gida ce, albashinta dala 50,000 a 2025, ɗanta ɗan shekara 25 yana tare da ita. Idan abin da ya samu dala 5,100 ne, ita shugabar gida ce. A cire 23,625, saura 26,375, harajinta ya kama dala 2,825, a rage 500 na wanda take ciyarwa, ya koma 2,325. Idan kuwa abin da ya samu dala 5,300 ne, ta koma marar aure. A cire 15,750, saura 34,250, harajin ya kai kusan dala 3,870, kuma babu ragin 500. Ƙarin dala 200 a aljihun ɗa ya jawo wa uwa asarar kusan dala 1,550. Babu sassauci a tsakani, babu raguwa a hankali. Dala ɗaya a kan iyaka daidai take da dubu goma.

Ni a ganina wannan iyaka ba ta yi wa iyaye adalci ba. Dala 5,200 ba ta biya wa mutum hayar ɗaki ɗaya na rabin shekara a yawancin manyan biranen ƙasar, ballantana a ce ya tsaya da ƙafarsa. Asalinta adadin rangwamen da ake bai wa kowane mutum ne a tsohon tsari, wanda ya kai dala 4,050 a 2017. Dokar haraji ta ƙarshen 2017 ta dakatar da rangwamen, ta kawo ragin dala 500 a madadinsa, amma ta bar adadin a matsayin ma'auni, ana ɗan ɗaga shi duk shekara saboda tsadar kaya. Duk da haka ba zan taɓa ba wa uwa shawarar ta hana ɗanta karɓar aiki don tsare dala 1,500 ba. Aikin da zai kawo masa dala 20,000 ya fi wannan ragin nesa ba kusa ba, ga kuma abin da aiki ke yi wa mutuncin saurayi. Sanin iyakar yana da amfani ne don kada abin ya zo wa gida ba zato, a riga a yi wa rarar harajin da IRS ke mayarwa lissafin tikitin zuwa gida sannan a tarar babu ita.

Abin da ake nufi da samu a nan shi ne duk kuɗin da ake biya wa haraji, kafin a cire komai. Albashi yana ciki, kuɗin rashin aiki da jiha ke biya yana ciki. Ɗan da ke kai abinci ko ɗaukar fasinja da manhajar waya kada ya ce bayan kuɗin mai da gyaran mota ribarsa ba ta kai ba, domin jimillar abin da ya shigo ake dubawa. Tallafin naƙasa na SSI kuwa ba a biya masa haraji, don haka ba ya cikin wannan lissafin, ko da yake idan an kashe shi wajen kula da mai shi yana shiga lissafin waye ya ɗauki nauyi.

Shi lissafin nauyin ya fi na riƙon gida faɗi. Ya haɗa abinci, tufafi, asibiti, makaranta, sufuri, har da nishaɗi, sannan masauki, wanda ake ƙiyastawa da abin da baƙo zai biya haya a irin wannan ɗaki. Wannan na ƙarshe yakan taimaki iyaye sosai, domin ɗaki a gidan Amurka ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ɗan littafin IRS mai lamba 501 yana da jadawalin da ake cikewa don wannan. A cike shi a ajiye tare da rasidin haya da na wuta, da wata takarda mai nuna adireshin ɗan, kamar ta makaranta ko ta asibiti. Ba a aika su tare da fom, sai ranar da wasiƙar tambaya ta zo ake nemansu.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne shekara 26. Dokar inshorar lafiya ta 2010 ta bai wa 'ya'ya damar zama a inshorar iyayensu har su kai 26, ko suna aiki ko sun yi aure. Wannan doka ce dabam. Kasancewar ɗa a katin inshorar uba ba ya nufin yana cikin takardar harajinsa. Sai dai akwai ɗan sauƙi: wanda ya biya wa ɗansa kuɗin asibiti, kuma shi ke ɗauke da fiye da rabin nauyinsa, yana iya haɗa kuɗin da nasa wajen neman rangwamen magani ko da samun ɗan ya wuce iyaka, idan yana lissafa rangwamensa ɗaya bayan ɗaya maimakon karɓar adadin nan da ake yafe wa kowa, kuma kuɗin ya haura kashi 7.5 cikin ɗari na samunsa.

Sai batun 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida da goyo, abin da kowane gidan Bahaushe ya sani. Ita kanta, in tana aiki, mai yiwuwa ta wuce iyaka. Amma jika yana iya shiga takardar kaka ta ƙofar yara, idan ya zauna a gidan fiye da rabin shekara. Wannan zai bai wa kaka matsayin shugabar gida, da ragin yara da ya kai dala 2,200 a 2025 ga yaron da bai kai 17 ba kuma yake da lambar soshiyal, wato lambar shaida ta Social Security. Sharaɗin shi ne uwar yaron ba ta sa shi a tata takardar ba, kuma samun kakar ya fi na uwar. Idan su biyun suka sa shi, uwa doka ke bai wa. Ba a kuma raba amfanin, a ce wannan ta ɗauki matsayi waccan ta ɗauki ragi. Su zauna su lissafa hanyoyin biyu, su ga wadda ta fi bar wa gidan kuɗi.

Zaman nan shi ne abin da ya fi yi mana wuya. A tarbiyyarmu uba ba ya tambayar babban ɗansa nawa yake samu, ɗa kuma yana jin nauyin ya buɗe wa mahaifiyarsa takardar albashinsa. Amma amsar duk tambayoyin da ke sama tana cikin takardar W-2 ko 1099 ta ɗan, wato takardar da wurin aiki ke bayarwa mai nuna abin da aka biya shi a shekara, ba ta iyayen ba. Abin da ke yawan faruwa shi ne yaro ya karɓi W-2 ɗinsa a ƙarshen Janairu, ya cike fom a wayarsa cikin dare ɗaya don ya karɓi 'yan ɗaruruwan da aka yanke masa, ya tsallake akwatin da ke cewa wani zai iya sa shi a takardarsa. Bayan wata guda uwa ta aika tata, kwamfutar IRS ta dawo da ita saboda an riga an yi amfani da lambar yaron. Ana gyarawa, yaron ya aika gyara da fom 1040-X, amma abin yana cin watanni. Idan ɗalibi ne asarar ta fi haka, domin ragin kuɗin jami'a na shekaru huɗun farko yana kaiwa dala 2,500, kuma wanda ya sa ɗalibin a takardarsa shi ke karɓa. Hira ta rabin awa a watan Janairu, “Umma, ga abin da na samu bara,” ta wadatar.

Ga masu iyali a gida Afirka, dokar ta fi bushewa. Wanda za a sa a takarda dole ya zama ɗan ƙasar Amurka, ko mazauninta a idon dokar haraji, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Ɗan da ke jami'a a Zariya ko Yamai, wanda ba shi da takardun Amurka, ba ya shiga, ko da uban ne ke aika kowane kwabo na karatunsa da cinsa. Haka tsohuwar da ake aika wa kuɗin cefane duk wata. Iyaye suna da wani sauƙi na musamman, cewa ba sai sun zauna gida ɗaya da ɗansu ba kafin su ba shi matsayin shugaban gida, amma sauƙin bai tsallake sharaɗin zama ɗan ƙasa ko mazauni ba. A ɗaya ɓangaren, magidancin da matarsa ke can gida, ba 'yar ƙasa ba kuma ba mazauniya ba, ana iya ɗaukarsa marar aure don wannan matsayi, idan akwai ɗa tare da shi a Amurka da ya cika sharuɗɗa. Matar kanta ba ta ba shi matsayin.

Masu cike wa mutane takarda don kuɗi, doka ta ɗora musu alhakin yin tambayoyi kafin su rubuta wa kowa shugaban gida, su kuma cike fom 8867 su tabbatar sun yi. Wanda bai tambayi shekarun ɗanka da samunsa ba, ko ya ƙi sa hannu da lambarsa a ƙasan takardar, ko ya ce ladansa kaso ne daga rarar da za ta dawo, a bar shagonsa ko da ɗan garinku ne. Ranar da IRS ta bincika, mai sunan da ke kan takarda shi zai mayar da kuɗin da ruwansa, wani lokaci da tarar kashi 20 cikin ɗari, kuma ana iya hana shi wasu ragin haraji na shekara biyu idan ganganci ne, goma idan zamba ce. Ga mai shirin neman takardar zama ɗan ƙasa, tarihin haraji na cikin abin da ake dubawa. Akwai cibiyoyin sa-kai na VITA a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa da ke cikewa kyauta ga masu matsakaicin samu.

Wanda kuma ya karanta wannan ya gane cewa a shekarun baya ya cancanci shugaban gida amma ya rubuta marar aure, saboda ɗan da ya gama jami'a a Mayu ko mai naƙasar da aka ɗauka ya wuce shekaru, kuɗinsa bai tafi ba tukuna. Yana da shekara uku daga ranar da ya aika takardar ya gyara ta da 1040-X, kowace shekara da nata fom ɗin, a mayar masa da bambancin.